Omron M7 ko M3: wacce na'urar awon jini ta dace da mai shanyewar ɓarin jiki a Jos?

Ranar da aka sallami mara lafiya daga asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH), ko Plateau Specialist, ko Jankwano bayan shanyewar ɓarin jiki, abin da iyali ke komawa gida da shi bai wuce ledar magani da katin ranar dawowa ba, ranar kuma sau da yawa sai bayan makonni. Tsakanin sallama da wannan rana babu wanda ya san inda jinin ya tsaya, alhali a watannin farko ne ciwon ya fi saurin sake bugowa. Wannan giɓi ne na'urar awon jini ta gida take cikewa, shi ya sa 'ya'yan da ke aiki a Abuja ko ƙasar waje suke rige-rigen saya wa iyaye mai Bluetooth, don su riƙa ganin lambobin daga inda suke.

A nan za mu duba Omron M7 Intelli IT, wadda lambar samfurinta take HEM-7361T, mu gwada ta da ƙanwarta M3 Comfort da ba ta haɗuwa da waya. Hukuncinmu a taƙaice: duka biyun suna awo daidai gwargwado, M7 ta fi kayan aiki, amma ƙarin kuɗin da ake biya don Bluetooth ba ya sauke jinin kowa. Abin da ke sauke shi shi ne likita ko nas da zai karanta lambobin ya gyara magani.

Ba da ka muka faɗi haka ba. A wani gwaji da aka yi a Landan aka buga a 2013, an bi mutum 381 da suka taɓa samun wannan ciwo, rabinsu an ba su na'ura da nas mai kiran waya, amma bayan shekara jininsu bai bambanta da na sauran ba yadda za a ce an samu riba. A wani gwajin kuwa na Ingila mai suna TASMIN-SR, na 2014, inda aka riga aka tsara wa kowane mara lafiya matakin ƙara magani idan lambobinsa suka haura, lambar sama, wato babbar cikin lambobi biyu da awon jini ke nunawa, ta sauka da kusan maki 9 fiye da ta waɗanda aka bari a kulawar da aka saba. Na'ura iri ɗaya ce a hannun mutane, bambancin shi ne ko awon yana kaiwa ga canjin magani ko yana ƙarewa a cikin littafi. Maki 9 kuma ba ƙaramin abu ba ne: a gwajin PROGRESS na 2001, mai mutum 6,105, saukar 9 a sama da 4 a ƙasa ta rage maimaituwar ciwon da kashi 28 cikin ɗari. A yankinmu batun ya fi tsanani. Binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a Najeriya da Ghana, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a nan yana da nasaba da hawan jini.

Abin da ke cikin kwalin M7 shi ne na'urar, da ɗamarar da ake naɗawa a damtse, da batir AA guda huɗu, da akwatin ajiya. Tana riƙe awo 100 ga kowane ɗaya daga mutum biyu, M3 kuma 60 ga kowanne. Kuskuren matsin da kamfanin ya bayyana bai wuce maki 3 sama ko ƙasa ba. Allon babba ne, tsoho mai raunin gani zai iya karanta shi ba tare da tabarau ba. Adaftar wuta ba ta cikin kwalin, daban ake saye, kuma a yadda wuta take a Jos ba mu ga dalilin sayenta ba. Batir mai kyau na alkalin yana kai wa awo wajen 1,000, wato wajen wata takwas idan ana awo huɗu a rana. Batir mai arha na tocila kuwa famfon na'urar yana shanye shi cikin ɗan lokaci, kuma idan aka bar shi a ciki yana iya tsiyaya ya cinye ƙarafan.

Ɗamarar ce ta fi komai muhimmanci, kuma ita ce abin da masu saye ba sa tambaya. M7 da M3 Comfort suna zuwa da wadda ake kira Intelli Wrap, mai ɗan tauri, a lanƙwashe take tun daga kamfani, tana kama damtse da kanta, kuma ko ta ɗan juya awon ba ya lalacewa. Ta dace da damtse mai kauri daga santimita 22 zuwa 42. Kafin ku je kanti ku ari tef na tela ku auna kewayen damtsen a tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Dalili kuwa, ɗamarar da ta yi wa mutum kaɗan tana ƙara masa lamba. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun nuna a 2023 cewa mai buƙatar ɗamara mafi girma, idan aka auna shi da matsakaiciya, lambarsa ta sama tana ƙaruwa da kusan maki 20 na ƙarya. A nan ne wata na'urar Omron mai suna M2 Basic, wadda ta fi arha kuma ta fi yawa a kemis, take faɗuwa: ɗamararta ta tsaya a santimita 32, Hajiya mai jiki ba za ta shiga ba. Akasin haka ma yana faruwa. Tsohon da ya rame bayan doguwar jinya damtsensa yana iya gaza 22, sai ɗamarar ta yi masa yawa ta rage lambar. Irin wannan yana buƙatar ƙarama mai 17 zuwa 22, kuma ku tambaya tun kafin ku biya ko samfurin da kuke so yana karɓarta.

Ga wani abin da tallar na'urar ba ta faɗa. Ana cewa ana iya sa Intelli Wrap da hannu ɗaya, kuma gaskiya ne, amma wane hannun? Wanda ya shanye ba a so a auna a jikinsa, domin idan tsokarsa ta sanƙare lambar tana hawa, idan ta saki ko ta zube tana iya sauka, kuma sau da yawa yana da kumburi. Lafiyayyen hannu ake aunawa. To idan lafiyayyen ne za a naɗa wa ɗamara, hannun da zai naɗa ta shi ne wanda ba ya motsi. Saboda haka a makonnin farko, wani lokaci har abada, dole a samu mutum na biyu. Ku zaɓi mutum ɗaya a gidan, wanda yake kwana a nan, a koya masa sosai, maimakon yau jika gobe suruka. A rubuta a bangon littafin wane hannu ake aunawa, kada a riƙa canzawa. Na'urar wuyan hannu da agogon da ake cewa yana auna jini, ku bar su a kanti.

Yadda ake awon kansa shi ne inda yawancin lambobin banza suke fitowa. Da safe a auna bayan an yi fitsari, kafin karin kumallo, kafin shan magani. Da dare a auna kafin abinci ko kafin kwanciya, a lokaci ɗaya kullum. Minti 30 kafin awo babu goro, babu shayi mai ƙarfi ko Nescafé, babu sigari, babu motsa jikin da masu gashin ƙashi na asibiti suka ba da. Mara lafiya ya zauna a kujera mai majingina, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ba a harɗe ba, ya yi shiru minti biyar. Minti biyar na agogo, ba na zuciya ba. A sa ɗamarar a kan fata, gefenta na ƙasa santimita 1 zuwa 2 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, a ɗora hannun a kan tebur yadda tsakiyar ɗamarar za ta yi daidai da zuciya. Wani gwajin na Johns Hopkins a 2024 ya gano cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara kusan maki 4, barinsa yana reto a gefe kuma fiye da 6. A gidajenmu da ake zama a tabarma ko gefen katifa, filo biyu a ƙarƙashin hannu da jingina da bango suna maye gurbin tebur. Wanda ba ya iya zama a auna shi a kwance rigingine, hannun a kan filo daidai da tsakiyar ƙirji, a rubuta cewa a kwance aka yi. A danna maɓalli, ba magana, ba amsa sallama, ba jan carbi da wannan hannun. A jira minti ɗaya, a sake. A rubuta duka biyun.

Sanyin Jos yana da nasa rabo a cikin lissafin. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, kuma a hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba yana matse jijiyoyi ya ɗaga jini da gaske. Wanda ya yi alwala da ruwan randa ya zauna awo nan take zai ga lambar da ba tasa ba ce ta yini. A yi alwala da ruwan ɗumi, a auna a ɗaki mai ɗumi bayan an huta. Kuskuren da ya fi yawa a wannan lokaci shi ne naɗe hannun suwaita zuwa sama, sai ya shaƙe damtsen kamar igiya. A zare hannun daga rigar gaba ɗaya, a lulluɓe sauran jikin da bargo. Ita ma na'urar an yi ta ne don aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40, don haka kada ta kwana a bakin taga ko cikin mota. Ƙurar hunturu kuma tana shiga bakin bututun, a riƙa mayar da ita akwatinta.

Idan allon ya nuna E1, iska ba ta shiga ɗamarar: bututun bai zauna ba, ko ɗamarar ta yi sako-sako, ko ta huje. E4 motsi ne ko magana, kuma yana yawan fitowa ga mai karkarwa ko tari. E5 na nufin na'urar ba ta kama bugun ba, yawanci don an sa ɗamarar a kan riga ko an sa ta ba daidai ba. E2 yana iya fitowa idan jinin ya haura 210 na'urar ba ta hura isasshiyar iska ba. Nan ana danne maɓallin a riƙe har matsin ya wuce abin da ake zato da maki 30 zuwa 40, amma idan an kai ga haka, batun ya tashi daga na'ura ya koma asibiti.

Abin da M7 ta fi M3 da shi na gaske, ban da Bluetooth, shi ne yanayin AFib. Idan aka kunna shi, na'urar tana awo uku a jere da tazarar daƙiƙa 30, ta ba da matsakaicinsu, ta kuma nuna alama idan bugun zuciya ya yi kama da wata irin rikicewa inda ɗakunan sama na zuciya suke karkarwa maimakon bugawa. Wannan rikicewa tana sa jini ya daskare a cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, kuma tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar. Tana zuwa tana tafiya, don haka gwajin bugun zuciya na ECG na rana ɗaya a asibiti yana iya rasa ta. Ga wanda ciwonsa na toshewar jijiya ne kuma likitoci ba su gano musabbabi ba, wannan alama ta isa dalilin sayen M7. Sai dai alama ce kawai, ba hukunci ba. Tana iya fitowa saboda motsi ko tsallen bugu mara illa. Idan ta fito fiye da sau ɗaya a je a yi ECG, kada kowa ya fara maganin tsinka jini da kansa. Wanda kuma an riga an tabbatar yana da wannan rikicewa, duk na'urar zamani tana raguwa a daidaito a kansa, awo uku ne nasa kowane zama.

Sai manhajar Omron Connect. Ana sauke ta a waya, a buɗe asusu da imel, a haɗa ta da na'urar sau ɗaya, daga nan awo yana wucewa wayar da kwanan wata da lokaci, ta zana jadawali, ta kuma ba da damar fitar da bayanan a tura wa wani. Tana aikinta. Amma babu Hausa a cikinta, kuma Bluetooth ba ya wuce 'yan taku, don haka wayar dole ta kasance a gidan, ba a hannun ɗan da ke Abuja ba. Wayoyi masu tsananin tsimin batir suna kashe manhaja idan an rufe allo, sai a ɗauka awo ya tafi alhali yana nan cikin na'ura. Maganinsa a buɗe manhajar da hannu bayan kowane awo. Babban abin da ya kamata a gane shi ne babu wani likita a ɗaya gefen. Manhajar ba ta kiran kowa idan jini ya hau. Sa ido daga nesa yana yiwuwa ne kawai idan iyali sun shirya da wani ma'aikacin lafiya da ya yarda ya duba. An gwada irin wannan tsari a Kumasi ta Ghana, a gwajin PINGS mai mutum 60, da na'ura mai Bluetooth da waya, kuma ginshiƙinsa nas ce mai bibiya.

Akwai wata matsala da ta shafi zamantakewarmu. Na'ura ta shigo gida, maƙwabta da 'yan dubiya kowa zai ce a gwada shi. Idan aka auna su a gurbin da na'urar ke ajiye awon mara lafiya, awonsu ya gauraya da nasa, matsakaicin ya lalace, kuma a manhaja ba a gane na wane ne. Na'urorin biyu suna da yanayin baƙo wanda ba ya ajiye awo. A koyi shi tun ranar farko, ko a ware gurbin mutum na 2 ga kowa da kowa.

Tsarin da muke ganin ya fi aiki a Jos bai buƙatar Bluetooth ko kaɗan. Littafin makaranta mai layi, a ja ginshiƙai: rana, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa, bugun zuciya, da wurin rubuta abin da ya faru, kamar an manta magani ko ba a yi barci ba. A yi kwana bakwai a jere, biyu da safe biyu da dare. A zubar da na ranar farko, domin fargaba tana ɗaga shi. Saura awo 24: a tara lambobin sama a raba da 24, a yi haka ga na ƙasa. Wannan matsakaicin shi ne abin da likita zai yi aiki da shi, ba lamba ɗaya da ta firgita gida ranar Laraba ba. A ɗauki hoton shafin a tura ta WhatsApp da saƙo gajere: "Salamu alaikum Dakta, ga awon Baba na wannan mako, matsakaici 142/88, yana shan amlodipine 10 da safe, bai tsallake ko ɗaya ba, ƙafarsa ta ɗan kumbura." Irin wannan saƙon ana amsa shi cikin minti ɗaya. Hotuna ashirin na allon na'ura ba wanda zai buɗe. A yi makon awo bayan sallama, da mako biyu zuwa huɗu bayan duk canjin magani, da makon da ke gaban ranar asibiti. Idan jini ya daidaita, kwana ɗaya ko biyu a mako sun isa. Awo sau goma a rana damuwa kawai yake haifarwa, damuwar kuma ta ɗaga lambar.

Tun kafin a bar asibiti a nemi likita ya rubuta lambar da ake nufa. A gida, matsakaicin 135/85 ko sama hawan jini ne. Ga wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, ƙa'idar ƙungiyar zuciya ta Amurka ta 2021 ta ce a nufi ƙasa da 130/80 ga yawancin mutane, amma tsoho mai rauni ko wanda jijiyoyin wuyansa biyu suka ƙuntace sosai ana iya sassauta masa. Mafi yawa ba sa kaiwa da ƙwaya ɗaya. Gwajin CREOLE na 2019, wanda likitan zuciya Dike Ojji na asibitin koyarwa na Gwagwalada ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin magunguna da ke da amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. Idan matsakaici ya ƙi sauka, kafin a zargi na'ura a duba kwandon magani da tukunya: diclofenac da ibuprofen da ake sha don ciwon kafaɗar da ta shanye suna ɗaga jini, haka maganin mura mai buɗe hanci, haka gishiri da dunƙule da kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Saukar jini fiye da kima ma haɗari ce, kuma ba a cika kula da ita ba. Idan mara lafiya yana jin jiri in ya miƙe, a auna shi bayan ya kwanta minti biyar, sannan a tsaye bayan minti ɗaya da minti uku, wani yana riƙe da shi. Faɗuwar maki 20 a sama ko 10 a ƙasa abin sanar da likita ne a ranar, musamman lokacin azumi, ko gudawa, ko ga mai shan maganin sa fitsari.

Idan allon ya nuna 180/120 ko sama, mutum kuma lafiya lau yake ji, a huta minti biyar a sake. In ya tsaya a nan, a nemi likita a ranar, kada a ninka ƙwaya. Idan kuwa baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ko ƙafa ta saki sabo, ko gani ya ɗauke, ko kai ya sara da ciwon da ba a taɓa ji ba, a ajiye na'urar, ko me ta nuna. A duba agogo a riƙe lokacin da abin ya fara, a ɗauki mutum zuwa asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin haɗiya tana lalacewa ya shaƙe. Kada a ba shi aspirin kafin hoto, domin a binciken SIREN kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon fashewar jijiya ne, aspirin kuma ƙara zubar jinin zai yi. Kada a sa masa maganin sauke jini na nifedipine a ƙarƙashin harshe. Faɗuwar jini farat ɗaya tana ƙara kashe ƙwaƙwalwar da ke neman jini.

Wa ya kamata ya sayi wacce? Idan akwai zargin rikicewar bugun zuciya, ko akwai mai wayar zamani a gidan da zai lizimci manhajar, M7 ta cancanci kuɗinta. In ba haka ba, M3 Comfort da littafi sun wadatar, rarar kuɗin a sa ta a maganin wata biyu ko uku, domin yankewar magani ita ce ta fi mayar da mutane gadon asibiti. A saya a kantin magani mai rajista da zai ba da rasit, ba a tire ko bayan mota a kasuwar Terminus ba. A duba lambar HEM da ke ƙasan na'urar ta yi daidai da ta kwali, a kuma neme ta a jerin na'urorin da aka tantance na STRIDE BP a intanet. Ranar asibiti ta farko a tafi da ita, a auna da ita da ta asibiti a hannu ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, sau biyu ko uku. Tazarar maki 5 ba komai ba ce. Idan ta wuce 10 kuma ta maimaita, a mayar da ita. A sake wannan gwaji duk shekara. Ɗamarar tana riga na'urar mutuwa, don haka idan maƙalarta ta daina kamawa, ko bututun ya fara tsagewa a inda yake lanƙwasa, a sayi sabuwa ta wannan samfurin, kada a ɗaure ta da salatif.